Yaya zan raɗa wa sabar gidanmu suna a daina rubuta lambobi?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da dare, don Allah shawara nake nema. Akwai wata tsohuwar laftof ɗina da gilashinta ya fashe, maimakon in yar sai na sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux, na ɗora Apache, manhajar da ke ba da shafuka ga burauza, ta zama saba a gida, wato kwamfutar da wayoyi ke buɗe abubuwa daga cikinta, na zuba karatuttukan tafsiri da na yi shekaru ina tarawa da littattafan yara da tsofaffin tambayoyin JAMB saboda ƙannena. Duk wanda ya hau wayfai ɗin gida yana buɗewa ba tare da ya ci data ba. Matsalar ita ce sai an rubuta 192.168.0.103 a burauza, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta rawuta ta mutu, in ta dawo sai lambar ta koma 105 ko 101. Jiya ina kasuwa Hajiyarmu ta kira ni sau uku wai tafsirinta ya ƙi buɗewa, tana ta danna abin da na ajiye mata a fuskar waya yana nuna mata farin shafi, wlh abin ya dame ni don bayan sallar asuba shi take saurare kullum. So nake a rubuta suna kawai kamar laburare ya buɗe a kowace waya a gidan. Ta ina zan fara?

Autan Mama: Wa alaikumus salam Yaya. Ai mai sauƙi ne, fayil ɗin hosts za ka gyara, wanda kwamfuta ke dubawa ta haɗa suna da lamba. A Windows yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, ka buɗe da Notepad a matsayin admin, a Linux kuma /etc/hosts, sai ka rubuta lambar ka bar fili ka rubuta laburare. Haka muke yi a makaranta

Baban Ilham: Na gode ƙanena, to wayoyin fa? Kwamfuta biyu ce kacal a gidan, wayoyi kuwa sun kai tara

Autan Mama: Af, a Android kam sai an yi wa waya rut, wato an buɗe cikakken iko a kanta, kafin a taɓa wannan fayil ɗin, ban yi tunanin wayoyi ba

Injiniya Kd: Wa alaikumus salam Baban Ilham. Matsala biyu ka haɗa wuri guda, mu raba su tukuna. Ta farko lambar da ke canzawa, ta biyu sunan. Ko wane irin suna ka raɗa, a ƙarshe lamba yake nunawa, in lambar tana yawo sunan zai riƙa nuna ƙofar da babu kowa. Rawuta ce ke raba lambobin nan ta hanyar DHCP, aro take bayarwa na wani lokaci, kuma ƙananan rawutoci da yawa in suka mutu mantawa suke da wa suka ba wa me, wanda ya riga haɗuwa shi zai ɗauki ta farko. Ka shiga 192.168.0.1 ka nemi wurin DHCP, za ka ga Address Reservation ko Static Lease, ka ɗaure lambar MAC ta laftof ɗin, wato lambar shaidar katin netwok ɗinta, da lamba ɗaya. Ni na fi son a ba saba lambar da ke wajen layin da ake rabawa, in rawutarka daga 100 take farawa ka ba ta 192.168.0.10, in ta ƙi karɓa sai ka rubuta lambar da hannu a cikin Ubuntu ɗin. Kuma in da hali ka jona ta da kebul ba wayfai ba. Ka yi wannan ka dawo mu yi maganar suna.

Baban Ilham: An gama Injiniya, ta zauna a 192.168.0.10, na kashe rawuta na kunna har sau biyu ba ta motsa ba

Anti Bilki: To ni a nan zan ce ka tsaya ka huta. Ka buɗe shafin a wayar Hajiya da sabuwar lambar, ka danna ɗigo ukun nan na Chrome ka zaɓi a ajiye a fuskar waya, shi ke nan ba za ta sake rubuta komai ba har abada. In kuma lallai suna kake so akwai hanyar da ba ta buƙatar ka taɓa rawuta, ka sa manhajar avahi-daemon a Ubuntu ɗin ka mayar da sunan kwamfutar laburare, sai a rubuta laburare.local. Sunan tsarin mDNS, babu wani shugaba da ake tambaya, waya ce za ta yi cigiya a cikin netwok ɗin gida ta ce waye laburare, laftof ɗin ta amsa ta ce ga ni ga lambata. Da shi firinta ke bayyana a iPhone ba tare da an saita komai ba, Apple suna kiransa Bonjour. Ko lambar ta canza ma sunan zai bi ta

Baban Ilham: Anti na gwada yanzun nan. A kwamfutar ƙanina mai Windows 10 ya buɗe, a iPhone ɗin uwargida ya buɗe, a wayata ma ya buɗe. Amma a ta Hajiya da ta yara biyu ya ce ba a samu shafin ba

Anti Bilki: Duba min wane Android ne a kansu

Baban Ilham: Ta Hajiya 10, na yaran ɗaya 9 ɗaya 11

Injiniya Kd: Nan gizo ke saƙar. Sai daga Android 12 ne burauza ta fara gane sunayen .local, kuma gidajenmu cike suke da wayoyin da ba su kai nan ba, ba kuma za su taɓa samun sabuntawa ba. Wadda aka yi aikin dominta ita ce abin ya tsallake. Ban da haka cigiyar nan ta mDNS ba ta ƙetare netwok ɗaya, in ka ƙara wata rawuta a sashen baƙi ta raba nata lambobin daban, ko ka kunna wayfai na baƙi mai raba wayoyi da juna, ba za a ji kiran ba. Shi ya sa ni nake cewa a yi abin da tushe, a samu DNS na cikin gida. Duk waya in ta hau wayfai, tare da lambar da rawuta ke ba ta tana gaya mata ga wanda za ki riƙa tambaya sunaye. Yanzu rawutar kanta ake tambaya, ita kuma ta miƙa wa kamfanin intanet, su kuma ba su san wani laburare a gidanka ba. Abin da za mu yi shi ne laftof ɗin ta zama ita ake tambaya, in sunan gida ne ta amsa da kanta, in na waje ne kamar Facebook ta miƙa gaba. Kowace waya ta iya wannan komai tsufanta.

Anti Bilki: Injiniya ban ƙi taka ba amma ka gaya masa gaskiyar abin da zai ɗauko wa kansa. Ranar da laftof ɗin nan ta mutu ko yaro ya zare mata caja, gidan gaba ɗaya babu mai buɗe komai, wayfai zai nuna cike amma ko WhatsApp sai ya riƙa wahala, kuma shi yana kasuwa. Tafsiri kaɗai ake kiransa a kai yanzu, gobe mutum tara ne za su kira shi. Ni na ga wannan da idona a wani ofis da na yi aiki, kwamfuta ɗaya ta mutu aka wuni ana zagin kamfanin intanet alhali ba ruwansu

Injiniya Kd: Wannan gaskiya ne Anti ban musa ba. Amma laftof tana da batir ɗinta, ta fi rawutar ma jure ɗaukewar wuta. Kuma gajeriyar hanyar da kika ce a ajiye a fuskar waya lamba ce a cikinta, ranar da ya canza rawuta ya koma irin masu 192.168.8.1 sai ya bi waya tara ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. Da suna kuwa layi ɗaya zai canza. Sannan gobe in ya so ya raba na yara daban da na tafsiri daban, Apache na iya ɗaukar shafi goma a lamba ɗaya ta bambance su da suna kawai.

Sani Mai Kafe: Slm jama'a yanzu na shigo na karanto daga sama. Ni duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba, ya sayi domen ɗinsa na .com.ng wajen masu rajista da NiRA, mai kula da sunayen .ng, ta amince da su, ya je wurin saitin DNS ya yi rikodin A, wato layin da ke haɗa suna da lamba, ya rubuta 192.168.0.10 a ciki. Babu dokar da ta hana ka sa lambar cikin gida a domen na duniya. Duk wayar da ke gidan za ta tambaya a ba ta lambar ta buɗe, wanda ke waje kuma ko ya samu lambar ba ta kai shi ko'ina don irin lambobin 192.168 ba sa tafiya a intanet. Ba avahi ba komai

Baban Ilham: Malam Sani to ranar da sub ɗin gida ya ƙare fa? Don gaskiya babban dalilin da ya sa na haɗa abin nan ke nan, wani lokacin mukan yi kwana huɗu biyar ƙarshen wata babu data a rawutar amma yara na ci gaba da karatunsu

Sani Mai Kafe: Eh to, in babu intanet kam ba mai amsa sunan, sai dai wanda wayarsa ta riƙe na ɗan lokaci. Wannan na yarda

Injiniya Kd: Kuma wasu rawutocin suna da kariyar da ke watsar da duk amsar da ta zo daga waje ɗauke da lambar cikin gida, saboda akwai harin da ake kai wa ta wannan hanyar. OpenWrt, manhajar da wasu ke sa wa rawuta, ita ma haka take zuwa a kunne. Amma Malam Sani kada ka tafi, shawararka tana da wurin da za ta yi amfani, zan dawo kanta.

Baban Ilham: To Injiniya mu gwada taka, in ta ƙi sai in koma ta Anti. Me zan sa?

Injiniya Kd: dnsmasq, ƙaramar manhaja ce ba ta cin komai, ita ce ma ke amsa sunaye a cikin rawutoci da yawa. Bayan ka saka ka buɗe /etc/dnsmasq.conf ka ƙara waɗannan

listen-address=192.168.0.10
bind-dynamic
no-resolv
server=192.168.0.1
address=/laburare.home.arpa/192.168.0.10

Layi biyun farko kada ka tsallake su, don Ubuntu tana da nata mai amsa sunaye, systemd-resolved, da ya riga ya zauna a ƙofar DNS, wato ta 53, a kan 127.0.0.53, in ba ka killace dnsmasq a lambarta ba za ta ƙi tashi ta ce an riga ta. Na huɗu yana cewa duk sunan da ba ki sani ba ki tambayi rawuta. Na ƙarshe shi ne sunan naka. In kana da ufw, katangar tsaron Ubuntu, a kunne ka buɗe 53 ta UDP da TCP. Sannan a Apache ka sa ServerName laburare.home.arpa

Autan Mama: Yallaɓai me ya sa home.arpa? Ya yi tsawo kuma ba daɗin faɗa, me zai hana laburare.gida ko laburare.local ɗin tunda an riga an saba

Injiniya Kd: .local kada ka kuskura ka sa shi a dnsmasq, an keɓe shi ne don mDNS tun 2013, iPhone da Mac da Linux masu avahi cigiya za su yi maimakon su tambayi DNS, sai ka samu wani ya buɗe wani ya ƙi ka rasa dalili. Shi kuma .gida yau zai yi aiki, amma ba naka ba ne, ba a keɓe shi ba. Masu haɗa shafuka sun yi shekaru suna amfani da .dev a kwamfutocinsu a matsayin sunan gwaji, ashe Google ta mallaki .dev ɗin, a ƙarshen 2017 Chrome ya fara tilasta https a kan duk sunan da ya ƙare da shi, shafukan gwaji na mutane suka daina buɗewa dare ɗaya. home.arpa kuwa a 2018 aka ware shi musamman don netwok ɗin gida a takardar ƙa'idar intanet RFC 8375, ba za a taɓa sayar wa kowa ba. A 2024 kuma ICANN, mai kula da sunayen intanet na duniya, ta keɓe .internal don irin wannan aikin, in ka fi son shi bismillah.

Anti Bilki: Ni .internal ya fi min daɗin karantawa amma na lura wani lokacin in ka rubuta shi a burauza sai ta ɗauka bincike kake ta kai ka Google, sai ka sa http:// a gaba ko ka ƙara / a ƙarshe. Haka in ka rubuta laburare zalla babu komai a bayansa. Don haka Baban Ilham burinka na kalma ɗaya tak ka rage shi kaɗan

Baban Ilham: Ba komai Anti, in dai zai buɗe. Na yi duk abin da Injiniya ya ce, dnsmasq ta tashi, amma a waya har yanzu babu

Injiniya Kd: Ai ba ka gaya wa wayoyin su tambaye ta ba tukuna. Fara gwadawa daga kwamfutar ƙaninka, buɗe cmd ka rubuta nslookup laburare.home.arpa 192.168.0.10, in ta dawo maka da lambar to sabar lafiya lau. Sai ka koma rawuta wurin DHCP inda aka rubuta Primary DNS ka sa 192.168.0.10. Ka lura a ɓangaren DHCP na cikin gida za ka sa, ba a ɓangaren WAN da ke fuskantar kamfanin intanet ba, in ka sa a WAN rawuta za ta tambayi laftof, laftof ta tambayi rawuta, su yi ta zagaye. Bayan nan kowace waya ta sauka daga wayfai ta sake hawa don ta karɓi sabon bayani.

Baban Ilham: Alhamdulillah!! Ya buɗe a wayar Hajiya. Na shiga ɗakinta na karɓi wayar na rubuta da hannuna sai ga jerin surorin nan sun fito, ta ce in sa mata Suratu Maryam inda ta tsaya. Allah ya saka muku da alheri, sai da safe

Ɗan Maradi: Salamu alaikum, ina biye da ku tun jiya. Ni ma irin wannan aikin munka yi ma wata makaranta nan wajenmu amma akwatin da kamfanin rezo sunka ba mu babu wurin canza DNS ko kaɗan, an kulle shi. Mi za a yi ma irin wannan?

Injiniya Kd: Wa alaikumus salam Malam. In akwatin yana barin a kashe DHCP to ka kashe, ka bar dnsmasq ta riƙa raba lambobin da kanta, ka ƙara dhcp-range=192.168.0.100,192.168.0.200,12h da dhcp-option=option:router,192.168.0.1, ka daidaita lambobin da naku. Duk wanda ta ba lamba za ta gaya masa ita ce DNS. Sharaɗi dai lambar sabar a rubuta ta da hannu a cikin kwamfutar don babu mai ba ta yanzu, kuma kada a bar DHCP biyu a kunne a netwok ɗaya. In shi ma an kulle sai ku sa wata rawuta taku a bayan akwatin, kowa ya hau wayfai ɗinta.

Ɗan Maradi: Madalla, kashe DHCP ɗin akwai shi, za mu gwada in kuran ya dawo

Baban Ilham: Jama'a barkanmu da rana, tsugune ba ta ƙare ba. Tun safe abin yana yi yana ƙi, a waya ɗaya ma sai ya buɗe yanzu, bayan minti goma ya ce babu wannan sunan, in an jima kuma ya dawo. Wayar ƙanina Android 13 ce amma ita ko sau ɗaya bai taɓa buɗewa ba

Injiniya Kd: Me ka sa a Secondary DNS?

Baban Ilham: 8.8.8.8 na sa, saboda maganar Anti ta tsaya min a rai, na ce in laftof ta mutu sai a koma can

Injiniya Kd: Shi ne ya jawo. Sunan ne ke ruɗar mutane, ana ɗauka na biyun yana zaune ne sai na farko ya faɗi. Na'urori da yawa ba haka suke yi ba, in na farko ya ɗan yi jinkiri sau ɗaya sai su koma na biyu, wasu ma su daɗe a can. Shi kuma 8.8.8.8 in an tambaye shi laburare.home.arpa ba shiru zai yi ba, cewa zai yi babu wannan sunan, kuma babu ɗin nan amsa ce cikakkiya, wayar ba za ta sake tambayar wani ba, har ta riƙe ta na ɗan lokaci. Ka goge shi. In rawutar ta ƙi yarda a bar wurin fanko ka maimaita 192.168.0.10 in ta karɓa. A Windows ka yi ipconfig /flushdns.

Anti Bilki: To ka ga mun dawo inda na ce jiya. An cire na biyu, gidan duka ya rataya a wuyan tsohuwar laftof mai fasasshen gilashi. Ni ba wai ina son in yi nasara a musu ba ne, tsoron da nake ji masa na gaske ne, mutum ne mai fita kasuwa tun safe kuma babu wani a gidan da zai iya shiga rawuta ya gyara

Injiniya Kd: Na yarda da ke ɗari bisa ɗari a kan haɗarin, inda muka bambanta shi ne maganinsa. Nan shawarar Malam Sani za ta shigo. In ya sayi domen, ya sa 192.168.0.10 a rikodin duniya kamar yadda Malam Sani ya ce, sannan ya sa wannan sunan dai a dnsmasq, to duk wanda aka tambaya amsa ɗaya zai bayar. In sub ya ƙare laftof ta amsa, in laftof ta mutu 8.8.8.8 na nan gidan bai rasa intanet ba. A lokacin na biyun ba ya cutarwa. Ƙari a kan haka zai iya karɓar satifiket, wato shaidar tsaro ta https, daga Let's Encrypt ta hanyar tabbatarwa da DNS ba tare da ya buɗe wa duniya sabar ba, rubutun nan na ba a amince ba da Chrome ke nunawa ya tafi. Da home.arpa ba za su ba ka satifiket ba.

Sani Mai Kafe: Yawwa, haka kam ya haɗu. Sai dai kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma ya riƙa tunawa kada ya bari ya mutu

Anti Bilki: Wannan na yarda da shi. Ko kuma ya samu rawutar da ke ɗaukar OpenWrt, sunan ya zauna a cikin rawutar kanta tunda dnsmasq ɗin ce a ciki, in ta mutu dama babu wayfai ɗin balle a yi maganar suna. A wurina wannan ya fi kowanne tsafta

Injiniya Kd: Shi ne asalin wurin da ya dace sunan ya zauna, ban da ja. Baban Ilham ka ma duba rawutarka da kyau, wasu suna da wurin da ake kira Local DNS ko Host Mapping, in akwai to ba ka buƙatar dnsmasq a laftof sam.

Baban Ilham: Na duba lungu da saƙo babu. Na goge 8.8.8.8 kuma tun ɗazu bai sake yankewa ba. Saura wayar ƙanina

Autan Mama: Yaya wannan kam ina jin na sani. Ka shiga saitin wayarsa wurin netwok ka nemi Private DNS, mu samari da yawa muna sa dns.adguard.com a wurin don toshe tallace-tallace a gem. In an rubuta suna a wurin wayar ba ta kula DNS ɗin da wayfai ya ba ta, can waje take tambaya kai tsaye. Tun Android 9 akwai shi. Ya mayar Automatic ko Off. In yana da VPN a kunne shi ma ya kashe

Baban Ilham: Wlh shi ne ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Mun mayar Automatic ya buɗe nan take, amma yana ta ƙorafi wai tallace-tallace za su dawo masa

Anti Bilki: Ka ce ya kwantar da hankali, in ka samu lokaci ka maye gurbin dnsmasq ɗin da Pi-hole, a kan dnsmasq aka gina shi, yana toshe talla wa gidan gaba ɗaya kuma yana da shafin da za ka rubuta sunayen gida ba sai ka buɗe fayil ba. Ka duba Chrome ma a kwamfutoci, in wani ya zaɓi wani kamfani da hannu a wurin Secure DNS irin wannan matsalar za ka gani

Sani Mai Kafe: Tambaya, in yayansa da ke wani gari yana son ya saurari tafsirin fa, ba sai ya buɗe ƙofa ta 80, ta shafuka, a rawuta ya haɗa da DuckDNS, mai ba da sunan da ke bin lambar waje ta gida, ba?

Injiniya Kd: In layin waya ne ko Starlink na gida da wuya ya yi, yawanci a bayan CGNAT suke, mutane da yawa ke raba lambar waje ɗaya. Ya duba lambar WAN a rawuta, in ta fara da 10 ko tana tsakanin 100.64 da 100.127 to buɗe ƙofa ba zai yi komai ba. Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓantacciyar hanya duk inda suke, ya fi sauƙi kuma bai buɗe sabar ga kowa da kowa ba. Amma wannan zance ne na wata rana, mu gama da cikin gida.

Baban Ilham, gwaji ɗaya ya rage kuma shi ne mafi muhimmanci a wurinka. Zare sim ɗin rawutar ko kebul ɗin intanet, ka bar wayfai kawai kamar ranar da sub ya ƙare, ka zaga da wayoyin.

Baban Ilham: Na zare. Wayar Hajiya ta buɗe, na yara sun buɗe. Tawa da ta ƙanina sun ƙi alhali alamar wayfai na nan a sama

Injiniya Kd: Datar sim ɗinku a kunne take ko? Android in ta hau wayfai takan gwada ko akwai intanet, in ta ga babu sai ta bar alamar a sama amma ta riƙa bi ta datar sim a ɓoye, tambayar sunan ma can take tafiya. Ku kashe data, ko in saƙon nan ya fito mai cewa wannan netwok ɗin babu intanet a ci gaba da zama, ku danna eh ku sa alamar kada ta sake tambaya. Ta Hajiya ta buɗe ne don ina zaton babu data a kunne a wayarta.

Baban Ilham: Haka ne ba ta taɓa kunna data. Mun kashe namu duk sun buɗe, waya tara cif da kwamfuta biyu babu intanet ko ɗigo. Na mayar da sim ɗin. Abin da na yanke yanzu zan zauna a home.arpa, na jona laftof da rawuta duka a layin inbata, ƙarshen wata in Allah ya hore zan sayi domen ɗin in yi yadda kuka haɗa da Malam Sani. Anti kuma saboda maganarki na rubuta a takarda na manna a jikin bango kusa da rawutar, yadda ƙanina zai shiga ya goge 192.168.0.10 daga wurin DNS in laftof ta mutu ba na nan, na sa shi ya yi sau ɗaya a gabana ya mayar

Anti Bilki: Madalla, hankalina ya kwanta. Abu ɗaya, murfin laftof ɗin a buɗe kake barinsa? In wani ya rufe barci za ta yi ta tafi da DNS ɗin gidan. Buɗe /etc/systemd/logind.conf ka sa HandleLidSwitch=ignore ka cire alamar # da ke gabansa sannan ka sake kunna ta

Baban Ilham: A buɗe yake kan firij Ilham ma ta sha kai hannu. Na gyara yanzu, na rufe murfin na ɗora ta saman kabad, na gwada a wayar Hajiya yana buɗewa

Ɗan Maradi: Mu ma kuran ya dawo mun kashe DHCP na akwatin, salula goma sha biyu sun samu lamba daga dnsmasq, firinta ɗai ta ƙiya. Injiniya in turo maka hoton saitin nata?

Injiniya Kd: Turo Malam, ina jin tsohuwar lamba aka rubuta mata da hannu, ka haɗo da shafin da ke nuna IP da gateway ɗinta.